Ƙafa Ashirin da Biyar

Jikana Jory ya zo hutu da littafi mai kaurin bulo,
wai ilimin tsara aiki yake karanta.
Na ce buɗe farkon, mu ji asali.
Ya karanta: an haife shi a yaƙi.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni,
don ina ɗakin aka yi haihuwar,
ba ungozoma, ba guɗa,
sai murhun gawayi da ke hayaƙi a gaɓar Cornwall.

Shekarata sha tara, Enid Trewartha,
kayan aikina fensir da rezar fiƙe shi.
Duk jirgin da ya dawo farautar masu nutso a teku
rahotonsa na zuwa teburina da tabon shayi:
ƙarfe nawa aka hango, daƙiƙa nawa kafin ya nutse,
bam nawa aka saki, me ya taso.
Galibi kumfa.
Wata rana mataccen kifi.

Masu duba lissafin ba sojoji ba ne.
Ɗaya taurari ya sani, ɗaya ƙwari,
Dakta Garrioch kuwa zuciyar kwaɗo yake aunawa kafin yaƙi,
rigarsa ta huje a gwiwar hannu biyu.
Hafsoshi na yi musu kallon hadarin kaji.

Shi ba ya gardama, tambaya ce sana'arsa.
"Me ya sa sai ƙafa ɗari bam ɗinku ke fashewa?"
Aka ce can maƙiyi ke kaiwa in ya nutse.
Ya ce, "Wanda ya kai can ya riga ya ɓace muku,
gabas ya yi ko yamma, ba ku sani ba.
Wanda kuka riska yana kurɓar ruwan farko fa?"
Dare goma sha ɗaya muna tarawa muna rabawa,
yatsuna sun yi kanta, kyandir ya ƙare sau uku,
amsar ta fito 'yar ƙarama:
ashirin da biyar.

Daga baya ya ɗaga kai ya dubi tsuntsun teku,
ya tambayi dalilin baƙin fenti a cikin farar sama.
Aka sayo farin fenti.

Layin da nake ja a takarda ya fara hawa.
An yi shewa a ɗakin cin abinci.
Ni na san kowace alamar da na zana
mutum arba'in ne da ɗoriya, masu uwaye,
na kuma san jiragen alkama sun iso saboda ita.
Har yau ban gama wannan lissafin ba.

Yaƙi ya ƙare, tambaya ba ta ƙare ba.
Garrioch ya bi ta ramin kwal,
ni na bi ta masana'antar ƙarfe a Sheffield,
daga nan layin asibiti, daga nan garejin bas:
direba nawa, gado nawa, wa zai jira, har yaushe.
Aka raɗa wa abin suna, aka ba shi kujera a jami'a.
Sai na'ura ta zo, girmanta ɗaki guda,
ta yi darena goma sha ɗaya kafin shayi ya huce.
Aka ba mu agogon bango, mu 'yan fensir, aka sallame mu.

Jory ya duba ƙarshen littafi, babu Trewartha.
Na ce bar nema, ba don suna na fiƙe fensir ba.
Ya nuna mini haruffa jere kamar tururuwa,
wai su ke zaɓo mafificiyar hanya cikin dubu.
Na ce madalla. Wa ya ƙirga abin da ka zuba musu?
Ya yi shiru.

Gobe da safe zai tsaya a bakin kantin magani
da tsohon agogona na daƙiƙa,
ya rubuta masu shiga, ya rubuta masu fita,
har da wadda ta leƙo ta ga layi ta juya.
Ita ce ba a taɓa kawo mini rahotonta ba.